Mun Zo Cin Rani, Ga Mu da Jikoki

 

Samarin da ke haɗa mana wannan mujalla sun same ni a shago, suka ce, "Baba Liman, wannan karon kai za ka rubuta mana tarihin unguwa." Na ce musu ni ba ɗan boko ba ne, karatuna na allo ne da Islamiyya, sai lissafin buhu da mudu. Ban amsa musu nan take ba. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne, a daminar da ta wuce mun binne dattijai biyu cikin waɗanda suka kafa masallacin layinmu, Allah Ya jiƙansu da rahama. A hanyar dawowa daga maƙabarta na tambayi matasan da ke ɗauke da makara, na ce, "Wannan makarar da ke kafaɗarku, wa ya saye ta, kuma me ya sa aka saya?" Aka yi tsit. To, na ga in mu ma da muka rage muka tafi da labarin a ciki, shi ke nan ya tafi.

Ba zan ba ku tarihin gidaje ba, don gida a Abuja kun san shi, yau yana tsaye, gobe an shafa masa jan fenti. Wuraren zamanmu zan bi ɗaya bayan ɗaya, daga bencin mai shayi zuwa tabarmar ƙofar masallaci, har tsakar gidan da mata ke zubin adashi, domin a nan ne aka yi unguwar.

Mu fara da ƙasar kanta. Bahaushe ba jiya ya fara taka ta ba. A zamanin jihadi, farkon ƙarni na 19, Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya bar Zariya da jama'arsa, ya yo kudu ya sauka a Zuba, nan kusa da mu, inda yau ake sauke lemo da kankana. Bayan rasuwarsa ɗan'uwansa Abubakar, wanda ake ce wa Abu Ja, ya kafa gari a 1828, garin ya ci sunansa. Wannan ita ce Abuja ta asali, wadda yau ake kira Suleja da sunan Sarki Sulaimanu Barau, tun da gwamnati ta karɓi tsohon sunan ta laƙaba wa sabon birni. Har gobe sarkin can Sarkin Zazzau ake ce masa. Amma kada wannan ya sa mu ɗaga kafaɗa. Makau ɗin ma baƙo ya zo. Ya tarar da Gbagyi da Koro da Gwandara da Gade da Bassa a kan gonakinsu. Mu bakinmu ya saba da cewa Gwari, su kuwa sun fi son a ce Gbagyi, kuma kiran mutum da sunan da yake so ba ya rage wa kowa komai.

Ranar 3 ga Fabrairu 1976 Janar Murtala Muhammad ya sanar da cewa za a ɗauke babban birni daga Legas a kawo nan, bisa shawarar kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda. Kwana goma bayan haka aka kashe shi. Dokar da ta kafa birnin ta mayar da dukan ƙasar yankin hannun gwamnatin tarayya. Ku riƙe wannan maganar, za mu dawo kanta. Aka yanko ƙasa daga Neja da Filato da Kwara, aka tashi wasu ƙauyuka, mutanen Wuse aka kai su Sabon Wuse a hanyar Kaduna. Aka zana birni a takarda, ga Maitama, ga Asokoro, ga Garki. Amma in ka cire 'yan sansanonin ma'aikata irin na Nyanya, wanda zai ɗauki kwanon kankare a ka, da mai gadi, da mai tura kurar ruwa, ba a zana musu inda za su kwana ba.

Ni na zo a ranin 1992, 'yan watanni bayan Janar Babangida ya tare a Abuja ranar 12 ga Disamba 1991. Saurayi ne ni lokacin, daga ƙasar Funtuwa, a kan buhunan masara na zo aka sauke ni a Zuba. Niyyata in yi wata huɗu, in tara kuɗin taki, in koma kafin ruwa ya sauka. Duk wanda ka tambaya a lokacin, amsarsa ke nan: cin rani muka zo. Ƙidayar 1991 ta samu mutum bai kai dubu 400 ba a duk yankin Abuja, ta 2006 kuwa ta samu kimanin miliyan 1.4. A cikin wannan ƙarin akwai ni, akwai iyayen yawancin masu karanta wannan takarda.

Karmo na fara sauka. Ɗakunan laka ne da na langa-langa, jar ƙasa da rani, caɓi da damina, mu shida a ɗaki. Da asuba manyan motocin kamfanonin gini su kwashi mutane zuwa cikin gari, da magariba su dawo da su fari fat da siminti. Ɗakin ba wurin zama ba ne, wurin ajiye haƙarƙari ne kawai, saboda haka rayuwa duk a waje ake yin ta, kuma majalisarmu ta farko teburin mai shayi ce.

Yaran yanzu suna ganin mai shayi mai soya ƙwai ne da Indomie. A lokacinmu shi ne gidan waya, shi ne banki, shi ne ofishin neman aiki. Babu wayar hannu, sai a 2001 ta shigo. Mai son aika saƙo gida, in bai iya rubutu ba, sai ya ari rikoda ya zauna bayan ɗaki ya yi magana a kaset, ya gaida kowa da kowa har da akuya, a ba mai shayi, shi kuma ya ba direban da zai tafi. Amsa ta dawo bayan sati uku a hannun wani direban. Lebura in an biya shi, ba ya kai kuɗi ɗakin mutum shida, wurin mai shayi yake kai ajiya, a rubuta a bayan littafin bashi. Birkila mai neman yara goma gobe, a nan zai bar sallahu. Da dare a kunna BBC, kowa ya yi shiru, kofi a hannu. A kan wannan benci muka ji an soke zaɓen 12 ga Yuni 1993, muka ga maƙwabtanmu 'yan kudu suna ɗaure kaya don tsoron abin da zai biyo baya, wasunsu a hannunmu suka bar makullan ɗakunansu.

Kuma kowane benci da garinsa. Akwai na Katsinawa, akwai na Kanawa, akwai na Sakkwatawa, lokacin ba a ma cire Zamfara ba, sai 1996. Akwai na mutanen Nijar, 'yan Maraɗi da Damagaram da Tawa, waɗanda suka fi yawa a gadi da ga-ruwa. Baƙo in ya sauka daga mota ba ya tambayar otal, cewa yake, "Ina majalisar 'yan Malumfashi?" A nuna masa. Kafin isha'i ya samu tabarma, kafin sati ya samu abin yi.

Wani kawuna da ya yi shekaru yana fataucin goro a kudu ya kawo mini ziyara a waɗannan shekarun. Ya zaga, ya dawo ya zauna, ya ce, "Ɗana, ku ba ku yi zango ba, kun dai taru." Na ji haushi a ranar. Daga baya na gane abin da yake nufi. A Sabo ta Ibadan tun 1916 aka ware wa Hausawa unguwa, da sarkinsu, da masu masaukin da ke karɓar fatake su tsaya musu. Haka zangon Kumasi. Su can sun san su baƙi ne, nesa da gida, harshe daban, sai suka ɗaure kansu da tsari. Mu kuwa muna ganin ai nan Arewa ce, ga Kaduna nan, in ta ɓaci sai gida. Ba mu nemi a shata mana wuri ba, ba mu rubuta komai ba.

Abin da ya fara tilasta mana tsari mutuwa ce. Wani yaro lebura, zazzaɓi ya kwantar da shi kwana uku, aka wayi gari babu shi. Sunansa na yanka ma da ƙyar aka samo, don da laƙabi aka san shi, garinsu kuwa iyakar abin da abokan ɗakinsa suka sani shi ne ɗan wajen Gusau ne. Gawa ta kwana a ɗaki har azahar ana shawara. Daga ƙarshe dattawa uku suka je wurin sarkin ƙauyen, ya taso da kansa ya nuna mana inda za mu sa shi. Wannan alheri ban manta ba, kuma ina so 'ya'yanmu su sani. Ƙyauren ɗaki muka cire muka ɗauke shi a kai. A daren nan, a teburin mai shayi, wani dattijo Bazazzagi ya cire hularsa ya ajiye a tsakiya, ya ce kowa ya jefa abin da ya samu. Da kuɗin aka sa mai walda ya ƙera makara, aka sayi diga da shebur da bandir ɗin farin yadi. Canjin da ya rage aka sayi littafi irin na 'yan makaranta, aka ce kowa ya zo a rubuta sunansa, da sunan mahaifinsa, da garinsu, da wanda za a nema in ta Allah ta kasance. Ni aka ba rubutun, saboda ina iya ajami ina kuma ɗan taɓa boko. Wannan makarar ita ce dukiyar jama'a ta farko da muka mallaka. Ita ce a kafaɗarku ranar nan, an dai sake mata fenti da ƙafa ɗaya.

Da na yi aure na dawo nan Gwagwa a ƙarshen shekarun 1990, don haya ta fi sauƙi kuma ga Dei-Dei kusa, inda nake saro kaya. Layinmu lokacin gonar rogo ce a bayansa. Masallacin da kuke gani da tayil, da duwatsu aka fara shata shi a gindin mangwaro, sannan zana, sannan kwano, bulo sai daga baya. Limanci kuwa ban nema ba. Limaminmu manomi ne, damina in ta faɗi sai ya tafi gida, a tura ni gaba, har abin ya bi ni.

Akwai abin da nake so in faɗa a kan wannan masallaci, ko da ba zai yi wa wasu daɗi ba. Shekarun farko masallaci ɗaya gare mu, ɗan Ɗariƙa da ɗan Izala a sahu ɗaya, mai ƙabalu kusa da mai sadalu. Ba don ba mu san da saɓanin ba. Tun da aka kafa Izala a Jos a 1978 kowa ya zo daga garinsu da nasa zafin. Amma mutum ashirin da tabarma huɗu ba su da abin da za su raba. Aka yi yarjejeniya ta baki: masu wazifa su yi bayan an watse, masu karatun hadisi su ɗauki bayan asuba, wa'azi kuma kada a kama suna. Da Allah Ya buɗa, kowa ya samu mai taimaka masa, sai kowane ɓangare ya gina nasa, har lasifika ta fuskanci lasifika. Ba na cewa gina masallaci laifi ne, ni wa? Amma ƙofar masallaci ɗaya ita ce take haɗa mu sau biyar a rana, a nan ake jin wane ba shi da lafiya, wane an kama masa yaro, wane matarsa ta haihu. Da ƙofar ta zama huɗu, labarin ma ya rabu huɗu. Abu ɗaya da ba a raba ba makara ce. Ita dai ba ta tambayar aƙida.

Sai rusau. Daga 2003 zuwa 2007, zamanin da Malam Nasiru El-Rufa'i yake ministan Abuja, gwamnati ta ce za ta mayar da birnin kan taswirarsa ta asali. A 2005 da 2006 katafila ta shiga Idu da Karmo da wasu unguwanni da dama. Ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam sun ƙiyasta cewa mutum kusan dubu 800 ne rusau ɗin waɗannan shekaru ya raba da muhallansu. A nan ne maganar da na ce ku riƙe ta dawo. Ƙasa ta gwamnatin tarayya ce tun 1976, saboda haka takardar da ka karɓa hannun wanda ya sayar maka da fili, ko da shaidu goma da dangwalen yatsa, ba takardar mallaka ba ce a wurin hukuma. Gidajen 'yan asalin wuri aka ce a dakata sai an sake musu matsuguni, na baƙi kuwa aka shafa musu alama. An ba wasu filaye a Pegi, can bayan Kuje, amma mai tura baro a kasuwar Karmo me zai je ya tura a Pegi?

Mu nan abin bai taɓa layinmu ba, sai dai mun ga abin da ya biyo baya. Mutane suka riƙa shigowa da kwanon rufi a ka, katifa a kura, mata da goyo. Masallacinmu ya yi makonni yana cike da masu kwana, azahar sai an naɗe tabarmin barci a yi salla. Wasu sun buɗe ɗakunansu kyauta, Allah Ya saka musu. Wasu kuma, 'yan uwanmu ne, muna sahu ɗaya da su, a wannan satin suka ninka kuɗin haya. Ban kama suna ba a lokacin, yanzu ma ba zan kama ba, amma an gani.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne yadda majalisu suka yi ƙaura ɗungurungum. Tsohon mai shayinmu na Karmo ya ɗora teburinsa a mota ya kafa a bakin titin nan, ko sati ba a yi ba mutanensa suka gano shi. Wanda ya ɓace wa ɗan'uwansa, can zai je ya tambaya. Wanda yake bin bashi, can zai je ya jira. Dattijon da ke riƙe da littafin sunaye ya fito da shi daga ƙarƙashin ɓaraguzai a cikin leda, ya kawo mini, makarar ma a kura aka turo ta. A watan Oktoba na 2006 kuma aka hana acaɓa a tsakiyar birni, sai ga samari rututu sun dawo gefen gari da baburansu. Su nasu zaman daban ne, a bakin mahaɗa, a kan babur, babu dattijo a cikinsu. A ganina tun daga nan ne aka fara samun matasa a unguwar nan waɗanda ba wanda ya san uban wane ne.

Na daɗe ina maganar maza. In ban faɗi na mata ba, uwargida ba za ta bar ni in sha ruwa ba, kuma da gaskiyarta. Mu muna zaune a waje muna gyara Nijeriya da baki, su suna ciki suna zubi. Bayan rusau, gidaje da yawa kwasar adashin matar ce ta biya hayar shekarar farko, mijin ma wani sai daga baya ya ji. Uwar adashi ba ta da ofis, ba ta da hatimi, amma ta san wadda za a sa gaba saboda haihuwa ta matso, da wadda za a bari a ƙarshe saboda hannunta ba ya riƙo. Gudummawar biki, wadda muke yi wa dariya, bashi ce a rubuce a ka: abin da kika kai wa wance ranar sunanta, shi za ta ninka miki ranar naki. Islamiyyar matan aure da aka buɗe a zauren wani bawan Allah ta zama wata majalisar. A can ake gano matar da aka bari babu cefane, tun kafin maganar ta iso ƙofar masallaci. Ko a farkon 2023, da aka canza kuɗi takardar naira ta ɓace, mu a kasuwa muna ta cacar baki da masu POS, su sai suka koma zubi da mudun shinkafa da kwalbar mai har abin ya wuce.

Ba kullum ake zaman makoki ba. Talata ranar Karmo ce, mai neman gwanjo da mai neman labari duk can suke. Masu sha'awar dambe sun san hanyar gidan Ali Zuma a Dei-Dei, inda ake karawa tsakanin Kudu da Arewa da Guramada. Ni ba na zuwa, rawani ya hana, amma sakamakon yana iske ni a shago kafin 'yan kallo su gama karkaɗe riga. Gidajen kallon ƙwallo kuwa sun raba mana yara gida-gida fiye da yadda siyasa ta yi. Sai gayya: yashe kwata kafin damina, karo-karon gyaran taransifoma, haƙa burtsatse. Duk wani abin amfanin jama'a da ke layin nan, in ka bi asalinsa, za ka tarar da hula aka ajiye a tsakiya.

Shekarun tsoro su suka sa muka sake buɗe littafin nan. A watan Satumba na 2013 jami'an tsaro suka buɗe wuta a wani kango a Apo inda talakawa ke kwana, yawancinsu masu Keke Napep da 'yan ƙananan sana'o'i, aka rasa mutum takwas. Daga baya Hukumar Kare Haƙƙin Bil'adama ta Ƙasa ta bincika, ta ce ba 'yan Boko Haram ba ne, ta ba da umarnin a biya diyya. Ranar 14 ga Afrilu 2014 kuma bam ya tashi a tashar Nyanya da safe, sama da mutum 70 suka mutu, cikinsu har da namu. Muka shiga tsaka mai wuya: bam bai bar mu ba, zargi ma bai bar mu ba. Yaro mai yankan farce ko shushaina in aka tare shi, tambayar farko ita ce wa ya san ka. Sai mai unguwa ya tara masu gidaje, aka yanke cewa duk wanda ya saukar da baƙo ya kawo shi a rubuta, aka kafa 'yan sintiri, kowane gida da abin da zai bayar a wata. Sau da yawa da littafin nan a hammata muka je muka tsaya wa yaran da aka kwashe, muka nuna layin sunansu da ranar da suka zo, aka sake su. Wanda ba ya ciki, wallahi ko muna so ba mu da bakin magana.

Da tsoro ya lafa sai muka koma gidan jiya. Annobar korona ta zo, aka kulle Abuja ranar 30 ga Maris 2020, aka rufe masallatai, azumin shekarar babu tafsiri babu buɗa-baki a ƙofar masallaci. Zaman wata-wata da ake yi a zauren mai unguwa tun daga lokacin bai dawo daidai ba. Aka ce ai akwai WhatsApp. To, akwai. Amma mun ga aikinsa ranar 18 ga Mayu 2022, da hatsarin babur ya yi sanadin mutuwar wata mata a Dei-Dei, rikici ya ɓarke tsakanin 'yan acaɓa da 'yan kasuwar katako, aka rasa rayuka, aka ƙone shaguna, har ministan lokacin, Malam Muhammad Musa Bello, ya rufe kasuwar. Kafin dattijo ya laluba takalminsa, hotuna sun zaga wayar kowane yaro, na gaskiya da na ƙarya. A layinmu abin da ya taimaka shi ne akwai maƙwabta Ibo da muka shekara ashirin muna karo-karon wuta tare, muna zuwa sunansu suna zuwa namu. Mu biyar muka fita muka tsaya a bakin layi, su biyu mu uku, har dare. Sanayyar da ta tsayar da mu a wurin a kan benci aka yi ta, shekara da shekaru. Ina tambayar kaina, in mun kau, yaranmu da nasu sun san juna haka?

In kana so ka auna ko mutane sun zauna ko har yanzu baƙi ne, jira Babbar Salla. A shekarunmu na farko, kwana uku kafin salla tashar Zuba ba masaka tsinke, unguwa ta zama kufai, mu da muka rage ba ma cika sahu uku a idi. Yanzu filin ba ya ɗaukarmu, har kan titi ake shimfiɗa. Hanya ta yi tsada, tsoron masu garkuwa da mutane ya hana wasu, amma babban dalilin shi ne iyayen da ake zuwa gaidawa sun ƙare, mu ne iyayen yanzu. Ni da na zo yin wata huɗu, ina da jikoki uku da aka yanka wa rago a layin nan. Ɗana na fari, a nan aka haife shi, a nan ya yi makaranta, amma da zai nemi gurbin karatu sai da muka tafi ƙaramar hukumarmu ta asali a Katsina aka ba shi takardar shaidar zama ɗan can, garin da bai taɓa yin wata guda cur a cikinsa ba. A can ana ce masa ɗan Abuja, a nan takarda ta ce baƙo ne.

Kuma ku tuna Abuja ba ta da gwamna, ba ta da majalisar jiha. Minista shugaban ƙasa ke naɗa shi, sanata ɗaya ne, 'yan majalisar wakilai biyu. Hukumar da ta fi kusa da hannunmu ita ce ƙaramar hukumar birni, AMAC, da kansilan mazaɓar Gwagwa. Amma ranar zaɓen kansila rumfa fayau take, don rabinmu katinsu na can gida, ko kuma suna ganin zaɓen ba nasu ba ne. Sannan mu dawo benci muna kukan hanya da kwata da asibiti. Kawuna ya daɗe da rasuwa, amma maganarsa tana dawo mini duk lokacin da na ga haka.

Littafin yana nan a shagona, cikin akwatin ƙarfe. Yanzu sun zama guda huɗu. Na farkon gara ta ci gefensa, shafi biyu na farko ruwa ya wanke tawadar, amma sauran ana karantawa. Sunan ƙarshe da aka shigar a na huɗun tun kafin kullen korona ne. Na yi magana da mai unguwa da limaman sauran masallatai ukun, sun yarda a dawo da zaman wata-wata, Asabar ta farko bayan la'asar, kuma samarin mujallar nan sun ce za su kwafe littattafan a kwamfuta kafin gara ta ƙarasa. Wanda ke da tsohon hoto na Karmo kafin rusau, ko rasit ɗin karo-karo, ko kaset ɗin saƙo irin wanda na faɗa, ya kawo mini shago, ko ya ba ni bayan sallar asuba. Za a ɗauki hotonsa a mayar masa da abinsa. Mata kuma uwargida ta ce ita za ta karɓi nasu a Islamiyya ranar Lahadi.